Petra Kelly: Rayuwarta da Gwagwarmayarta Domin Zaman Lafiya da Kare Muhalli

Gabatarwa

Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kowa ya yarda da wannan magana da baki, amma ƙalilan ne suke sallama rayuwarsu kacokan domin tabbatar da ita. Daga cikin waɗannan ƙalilan akwai wata Bajamushiya mai suna Petra Kelly, wadda ta rayu shekara 44 kacal, amma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kare muhalli ta ƙasar Jamus ta Yamma, ta kuma shahara a duniya wajen adawa da makaman ƙare-dangi. Wannan maƙala za ta bi tarihinta daki-daki, watau haihuwarta da karatunta, da shigarta siyasa, da nasarorin da ta samu, da saɓanin da ya shiga tsakaninta da jam'iyyarta, sa'an nan da yadda ajalinta ya zo. A ƙarshe za a auna abin da ta bari.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Petra ranar 29 ga watan Nuwamba, 1947, a garin Günzburg cikin jihar Bavariya, a kudancin Jamus. Shekara biyu ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, biranen ƙasar na kwance cikin kufai, sojojin ƙasashen da suka ci yaƙin kuma sun raba ta a tsakaninsu. Sunanta na yanka Petra Karin Lehmann. Tana ƙarama auren iyayenta ya mutu, saboda haka mafi yawan renonta ya koma hannun kakarta ta wajen uwa, wadda ta zame mata majingina har iyakar rayuwarta. Ta fara karatu a makarantar 'yan mata ta ɗariƙar Katolika, ga shi kuma ta yi fama da ciwon ƙoda tun tana yarinya.

Daga baya mahaifiyarta ta auri wani hafsan sojan Amurka mai suna John Kelly, wanda daga gare shi ne Petra ta samo sunan da aka san ta da shi. A 1959 iyalin suka ƙaura zuwa Amurka, suka fara zama a jihar Jojiya, daga nan suka koma jihar Bajiniya. A can ne ta gane wa idonta wariyar launin fata da ake nuna wa baƙar fata, ta kuma ga yadda Martin Luther King yake jagorantar jama'arsa suna neman haƙƙinsu ba tare da ɗaukar makami ba. Wannan darasi ya zauna mata a zuci ƙwarai.

A 1966 ta shiga wata jami'a a birnin Washington, inda ta karanta siyasa da dangantakar ƙasa da ƙasa, ta gama a 1970. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun tana ɗaliba ta shiga zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, a 1968 kuma ta yi wa Robert Kennedy aikin neman ƙuri'a, bayan an kashe shi ta koma wajen Hubert Humphrey.

Rashin da Ya Sauya Mata Alƙibla

A farkon shekarar 1970 ƙanwarta Grace, wadda suke uwa ɗaya, ta rasu tana da shekara 10 bayan doguwar jinyar ciwon daji. An yi ta gasa yarinyar da tururin haske na asibiti, wanda ake kashe tsiron cutar da shi, amma abin bai yi ba. Wahalar da Petra ta ga ƙanwarta ta sha ita ce ta sa ta shiga binciken illar irin wannan tururi ga jikin ɗan Adam, binciken kuwa shi ya kai ta ga adawa da tashoshin lantarki na nukiliya da makaman nukiliya baki ɗaya. A 1973 ta kafa ƙungiya da sunan marigayiyar domin tallafa wa yara masu ciwon daji da masu binciken maganinsa.

Bayan ta dawo Turai ta ƙaro ilimi a Jami'ar Amsterdam, daga 1971 kuma ta kama aiki a hukumomin Tarayyar Tattalin Arzikin Turai a birnin Brussels, inda ta shafe fiye da shekara goma tana kula da al'amuran ma'aikata da lafiya da matsayin mata. Sha'awar manufofin Willy Brandt ta sa ta shiga jam'iyyar SPD, amma ta fice a 1979 domin rashin yarda da manufofin gwamnatin Helmut Schmidt a kan nukiliya da tsaro.

Kafuwar Jam'iyyar Koraye

A shekarun 1970 ƙananan ƙungiyoyi sun yawaita a Jamus ta Yamma. Akwai manoma masu ƙin a gina tashar nukiliya kusa da gonakinsu, akwai mata masu neman haƙƙinsu, akwai ɗalibai masu ra'ayin gurguzu, akwai kuma dattawa masu kishin dazuzzuka da koguna. Kowa na jan nasa, alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zaɓen Majalisar Turai na 1979 wasu daga cikinsu suka haɗa kai, suka sa Petra a sahun farko na 'yan takararsu. Sun sami kashi 3.2 cikin ɗari na ƙuri'u. Wannan bai kai su ga kujera ba, domin dokar ƙasar ta ce sai jam'iyya ta sami kashi 5 cikin ɗari kafin a ba ta wakilci, amma ya nuna musu cewa akwai masu saurare.

A watan Janairu, 1980, aka kafa jam'iyyar Die Grünen a birnin Karlsruhe. Ma'anar sunan shi ne Koraye, domin kore shi ne launin tsiro. A watan Maris na shekarar aka zaɓi Petra ta zama ɗaya daga cikin kakakin jam'iyyar guda uku, ta riƙe muƙamin har 1982. An ɗora jam'iyyar a kan shika-shikai huɗu: kare muhalli, adalci tsakanin jama'a, mulkin da ke tasowa daga talakawa, da ƙin tashin hankali. A ganin Petra, bai kamata Koraye su zama jam'iyya irin sauran jam'iyyu ba. Abin da take so shi ne su tsaya da ƙafa ɗaya cikin majalisa, ɗaya ƙafar kuma a kan titi tare da masu zanga-zanga, kada su sayar da aƙidarsu domin kujerar minista.

Rikicin Makamai Masu Linzami

Abin da ya fito da sunan Petra fili shi ne gasar makamai tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Sobiyet ta girke makamai masu linzami samfurin SS-20, waɗanda ke iya kaiwa ko'ina a Yammacin Turai. Ranar 12 ga Disamba, 1979, ƙungiyar tsaro ta NATO ta yanke shawara mai fuska biyu: za ta nemi sulhu da Sobiyet, idan kuwa sulhun ya ci tura, to za ta girke nata sababbin makamai guda 572 a Yammacin Turai. Daga cikinsu 108 samfurin Pershing II ne, kuma dukkansu a Jamus ta Yamma za a ajiye su. Waɗannan makamai na isa inda aka auna su cikin 'yan mintoci, don haka kuskure kaɗan na iya haddasa yaƙin da zai mai da Jamus toka, gabas da yamma.

A watan Nuwamba, 1980, Petra na cikin waɗanda suka ƙaddamar da takardar koke ta garin Krefeld, wadda ta nemi gwamnati ta janye amincewarta da girke makaman. Kafin 1983 mutane fiye da miliyan huɗu sun sa mata hannu. Ranar 10 ga Oktoba, 1981, mutane wajen 300,000 suka yi gangami a Bonn, babban birnin ƙasar a wancan zamani, Petra kuwa na cikin masu jawabi. A cikin wannan gwagwarmaya ne ta haɗu da Gert Bastian, wani janar na sojan Jamus wanda ya bar aiki a 1980 saboda adawa da makaman. Ya zama abokin tafiyarta a siyasa, ya kuma zama abokin zamanta. A 1982 aka ba ta lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, wadda ake yi wa laƙabi da kishiyar lambar Nobel.

A Cikin Majalisa

A zaɓen 1980 Koraye kashi 1.5 cikin ɗari kawai suka samu, manyan jam'iyyu suka ɗauke su abin dariya. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A zaɓen 6 ga Maris, 1983, suka sami kashi 5.6 cikin ɗari da kujeru 27 a Majalisar Tarayya. Petra ta zama wakiliya, ta kuma zama ɗaya daga cikin shugabannin wakilan jam'iyyar guda uku, tare da Otto Schily da Marieluise Beck.

Abokan hamayya sun sha zargin masu adawa da makaman da cewa 'yan koren Mosko ne. Petra ta ƙaryata wannan zargi da aikinta. A watan Mayu, 1983, ita da Bastian da wasu 'yan jam'iyyar suka tsallaka Berlin ta Gabas, suka buɗe kyallaye a dandalin Alexanderplatz masu kira da a narkar da makamai a ƙera kayan noma da su. 'Yan sanda suka kama su, daga baya aka sake su. A ƙarshen Oktoba na shekarar ta gana da shugaban Jamus ta Gabas, Erich Honecker, tana sanye da riga mai ɗauke da wannan kira, alhali ana muzguna wa matasan ƙasarsa saboda ɗaura wannan alama. Ta kuma ci gaba da ziyartar masu fafutukar 'yanci na Gabas a lokacin da 'yan siyasa da yawa na Yamma suke gudun su.

Duk da haka, ranar 22 ga Nuwamba, 1983, majalisa ta amince a girke makaman, aka kuwa fara shigo da su. Petra ba ta karaya ba, sai ma ta faɗaɗa fagenta. A watan Satumba, 1985, ita da wasu 'yan jam'iyyarta suka yi zaman dirshan a ofishin jakadancin Jamus da ke Pretoria, domin nuna ƙin cinikin da ƙasarsu ke yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 1989 kuma ta shirya babban taron jin ba'asi a Bonn a kan halin da mutanen Tibet suke ciki.

Saɓani da Jam'iyyarta

Shaharar da ta ɗaga Petra ita ce kuma ta zame mata matsala a gida. Koraye ba su son a ce ga jagora guda ɗaya, don haka suka kafa dokar karɓa-karɓa, watau kowane wakili ya sauka bayan shekara biyu ya ba wani. A 1985 Petra ta ƙi sauka, tana ganin cewa dokar tana zubar da gwanintar da wakili ya tara. Wasu suka zarge ta da son kai, ko da yake daga baya jam'iyyar da kanta ta watsar da dokar.

Ban da wannan, jam'iyyar ta rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya, wanda Joschka Fischer ke cikin manyansa, yana ganin cewa ba a gyara ƙasa daga waje, dole a shiga gwamnati ko da za a sassauta wasu manufofi. Ɗaya ɓangaren yana ganin cewa sassauci shi ne mafarin lalacewa. Petra ta fi karkata ga ra'ayi na biyu, amma ba ta zama 'yar kowane ɓangare ba, sai ta wayi gari ba ta da masu kare ta. Ta sake cin zaɓe a 1987, sa'ad da jam'iyyar ta sami kashi 8.3 cikin ɗari. A zaɓen Disamba, 1990, na farko bayan haɗewar Jamus, Korayen Yamma suka kasa kai kashi 5, suka fita daga majalisa, zamanta na wakiliya kuma ya ƙare. A 1991 ta nemi komawa shugabancin jam'iyya, aka kayar da ita.

Rasuwarta

Ranar 19 ga Oktoba, 1992, aka sami gawar Petra da ta Bastian a gidansu da ke Bonn. Binciken hukuma ya nuna cewa tun wajen 1 ga watan suka mutu, kuma Bastian ne ya harbe ta tana barci, sa'an nan ya harbe kansa. Ba su bar wata wasiƙa ba. Abu biyu suka girgiza jama'a. Na farko, matar da ta ƙare rayuwarta tana wa'azin ƙin makami, makami ne ya kashe ta, a hannun mutumin da ta fi amincewa da shi. Na biyu, ta yi kusan mako uku a mace kafin a ankara, abin da ya nuna irin kaɗaicin da ta shiga. An binne ta a birnin Würzburg.

Kammalawa

Idan aka auna aikin Petra Kelly da abin da ya faru a 1983 kaɗai, sai a ce ta faɗi, tun da an girke makaman. Amma a watan Disamba, 1987, Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev suka sa hannu a yarjejeniyar kawar da makamai masu cin matsakaicin zango, kafin ƙarshen 1991 kuma aka lalata su, Pershing II da SS-20 duka. Masana tarihi sun saɓa a kan wanda ya kawo wannan: wasu na cewa tsayin dakan NATO ne, wasu na cewa matsin lambar talakawa ya taimaka. Ita kanta yarjejeniyar ta rushe a 2019. Ta fuskar lantarki kuwa, Jamus ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a watan Afrilu, 2023, wanda yake tsohon burin Petra ne.

Jam'iyyar da ta taimaka aka kafa ta shiga gwamnati a 1998, Fischer ya zama ministan harkokin waje. Wannan gwamnati ce ta soma shirin rufe tashoshin nukiliya, kuma ita ce ta tura jiragen yaƙin Jamus yaƙin Kosovo a 1999. Ke nan kowane ɓangare ya ga abin da ya hango: masu son shiga gwamnati sun sami ikon aiwatar da wasu manufofi, aƙidar ƙin yaƙi kuwa, wadda Petra ta ji tsoron za a sayar, an sassauta ta. An kuma tuna da ita ta hanyar lambar girma mai ɗauke da sunanta, wadda Wangari Maathai ta ƙasar Kenya, jagorar dashen itatuwa, ta samu a 2004. Tambayar da rayuwar Petra ta bari tana nan ga duk mai neman gyara ta hanyar siyasa, watau wane ɓangare na aƙidarsa zai iya sassautawa domin samun iko, kuma wane ne idan ya sake shi ikon ba shi da sauran amfani.