Yadda Ake Cire Farar Wuta Daga Man Dizal Da Fetur

Manoman rani da masu injin niƙa a Gantsa da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Buji sun dogara ne da man dizal da fetur. Sai dai ba kowa ya san cewa ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa gauraye da farar wuta ba. Idan aka ƙona mai da ita, takan zama hayaƙi mai cutar da huhu, kuma idan ta haɗu da danshi ta zama ruwa mai cin ƙarfen inji.

Don haka ne matatun zamani, irin ta Dangote da ke Lekki a Jihar Legas, wadda ta fara fitar da dizal a 2024, suke da sashe na musamman domin wannan aiki. Ana haɗa man da iskar haidirojin a wata babbar tukunyar ƙarfe, a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 400, cikin matsi mai ƙarfi. Tukunyar cike take da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ma'adinai biyu: molibdinam da kobalt. Aikinsu shi ne gaggauta rabuwar farar wuta da mai, ba tare da su kansu sun ƙare ba.

Molibdinam da aka haɗa da farar wuta yakan zauna a matsayin siraran falle-falle. Kamar yadda bakin fartanya ne ke noma, haka gefen waɗannan fallayen ne kaɗai ke aiki. Shi kuma kobalt a wannan gefe yake zama, inda yake sassauta riƙon da ƙarfen ya yi wa farar wuta, sai gurbi ya buɗe. Farar wutar da ke cikin mai ta faɗa gurbin, haidirojin ya kwashe ta a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, gurbin ya sake buɗewa. Kobalt shi kaɗai ba ya taɓuka abin kirki, amma haɗuwarsu na ninka aikin molibdinam sau da yawa. Masanan kamfanin Haldor Topsoe na ƙasar Danmak ne suka bayyana wannan tsari a farkon shekarun 1980.

A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince kada farar wuta ta wuce kashi 50 cikin miliyan a man da ake shigowa da shi yankin. A Tarayyar Turai kuwa, iyakar ita ce kashi 10 tun 2009.

Man da ake dafawa a ɓoye ba bisa doka ba ba ya bi ta wannan sashe, kuma ido ba ya iya tantance shi. Saboda haka ana kira ga jama'a da su riƙa sayen mai a gidajen mai masu lasisi, su guji na jarka da ba a san asalinsa ba. Haka kuma ana roƙon kansiloli, dagatai da malaman gona su isar da wannan saƙo ga manoma kafin fara noman rani.