Eriyar Hannu da Gasar Wayar Iska: Nazari Daga Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Masana sun sha bayyana cewa Bahaushe yana cikin mutanen da suka fi kowa riƙon akwatin rediyo a nahiyar Afirka. Manomin albasa a fadamun Aliero, da ɗan tireda a kasuwar Jega, da makiyayi a dazuzzukan Maiyama, kowannensu ya saba da rataya rediyo a kafaɗa ko ajiye ta a gefen tabarma. Sai dai akwai wani ɓangare na ilmin rediyo wanda bai samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, wato na mutanen da suke haɗa na'urar aikawa da hannunsu, su ƙera eriyarsu, sannan su yi gasar kiran juna daga wannan nahiya zuwa waccan. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan fanni, ta kuma auna shi da fasahar da take hannun masu gyaran rediyo na ƙauyuka irin su Kuberi, domin a ga abin da ake da shi, da abin da ya rage, musamman ta fuskar harshe.

2.0 Yadda Bahaushe Ya Zama Mai Saurare

Rediyo ta fara shigowa birnin Kano a 1944 ta hanyar waya da ake ja zuwa lasifikoki a dandali da gidaje. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Zuwan ƙaramar rediyo mai taransista, wadda batir kaɗan ke isar ta, shi ya fitar da saurare daga birni ya kai shi karkara inda babu wutar lantarki.

Tsakanin Jega da Kaduna akwai kusan kilomita 400 a miƙe, balle a yi zancen Landan. Saboda haka mai saurare a wannan yanki ya dogara ne da tashoshin gajeren zango. Idan murya ta yi rauni, dabarar da aka sani ita ce a ɗaura siririyar waya a kan eriyar akwatin, a ja ta zuwa reshen darbejiya ko kan gora. Wanda ya yi wannan ya riga ya shiga ƙofar ilmin eriya, ko da kuwa bai san sunan abin da ya yi ba.

3.0 Su Wane Ne 'Yan Sha'awar Rediyo?

Kalmar da Turawa suke kiran waɗannan mutane da ita ta samo asali ne daga kalmar Latin mai ma'anar ƙauna. Don haka fassara ta da "ɗan koyo" kuskure ne, domin a cikinsu akwai injiniyoyi da suka tsufa a kan aikin. Abin da ya fi dacewa shi ne "ɗan sha'awa", wato wanda yake yin abu don so, ba tare da neman kuɗi ba.

Tarihinsu yana da darasi. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta tura 'yan sha'awa zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, bisa zaton cewa gajerun igiyoyi ba su da wani amfani. A can ne kuwa suka gano akasin haka. A watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a kan zangon da ya ɗan haura mita 100, da ƙarfin wuta ƙalilan idan aka kwatanta da na manyan tashoshi. Ashe dai abin da aka raina shi ya tsone ido. Bayan shekara biyu, a 1925, aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Faris. Kowane ɗan sha'awa yana da lasin daga hukumar ƙasarsa da kuma lambar kira wadda farkonta yake nuna ƙasar: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Jamhuriyar Nijar kuma da 5U. A Nijeriya, Dokar Wayar Iska ta 1961 ta hana kafa na'urar aikawa ba tare da lasin ba.

4.0 Ma'anar Zango da Mita

Masu gabatar da shirye-shirye sun saba cewa ana kama su "a kan mita 49 gajeren zango", kuma masu saurare sun haddace wannan lafazi. Amma kalmar zango a nan tana iya ruɗarwa. A asalin Hausa, zango shi ne masaukin fatake, ko kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Mai jin "gajeren zango" zai ɗauka murya ce wadda ba ta nisa, alhali ita ce take ƙetare teku.

Bayanin shi ne, saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari. Nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba shi ne mitocin da ake faɗa. Gudun igiyar kuwa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, daidai da gudun haske. Saboda haka idan aka raba 300 da yawan kaɗawar igiyar a ma'aunin megahaz, sai a sami tsawonta a mita. Alal misali, tashar Kaduna ta daɗe tana amfani da kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, kuma 300 a raba da 6.09 zai ba da mita 49 da 'yan kai. Gajartar ta igiya ce ke nan. Tafiyarta kuwa doguwa ce.

Dalilin nisan tafiyar shi ne wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki da ke can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomitoci, wanda hasken rana yake haifarwa. Gajeriyar igiya takan doki wannan rufi ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, ta sake tashi, kamar tsallen ƙwallo. Da rana ƙasan rufin yakan shanye igiyoyi masu ɗan tsawo, da dare kuma sai ya saki. Wannan shi ya sa tsofaffin masu saurare suka san cewa mita 49 ta dare ce da asuba, mita 16 da 19 kuwa na rana ne. Bugu da ƙari, ƙarfin rufin yana hawa da sauka bisa zagayen ɗigogin fuskar rana, wanda yake ɗaukar kimanin shekara 11.

5.0 Ƙirar Eriya da Kayan Gida

Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu: waya mai tsawon rabin igiya, a yanka ta a tsakiya, a haɗa kowane ɓari da wayar da za ta sauko zuwa na'ura. Ƙa'idar awonta ita ce a raba 143 da yawan megahaz. Mai son kama mita 49 da kyau zai buƙaci waya mai tsawon mita 23 da rabi. Ɗan sha'awa mai aiki a kan megahaz 14 kuwa mita 10 ta ishe shi, biyar dama biyar hagu. Kayan aikin duk ana samun su a kasuwar Jega: wayar jan ƙarfe da aka warware daga tsohon injin, da gora ko azara, da igiya, da guntun bututun roba wanda zai raba waya da itace don kada lantarki ya zurare.

Bambancin mai saurare da mai aikawa yana nan a wurin awo. Akwatin saurare yana haƙuri da kowace irin waya. Na'urar aikawa ba ta da wannan haƙuri, domin idan tsawon eriya bai dace ba, wani kaso na wutar da aka tura yakan dawo baya, har ya iya ƙona taransistocin ƙarshe. Don haka ɗan sha'awa yakan yanka wayarsa da ɗan rara, ya riƙa datsewa kaɗan kaɗan yana aunawa.

Akwai kuma eriya mai kama da ƙashin kifi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙago a Japan a 1926. Ita ce ake gani a kan rufin gidaje don talabijin, kuma maƙeran zamani a garuruwan Arewa sun daɗe suna kwaikwayon ta da sandunan alminiyam. Amfaninta shi ne tattara ƙarfi zuwa fuska ɗaya, kamar yadda tocila take tattara haske.

Yanayin wannan yanki yana da nasa hukunci. Busasshen yashi ba ya ɗaukar lantarki sosai, don haka turken ƙarfen da ake kafawa a ƙasa ya fi aiki a wuri mai danshi irin na fadama. A lokacin hunturu, ƙurar da iska take kaɗawa takan tara lantarki a jikin doguwar waya har ta riƙa tartsatsi. Da damina kuwa walƙiya takan cika akwati da ƙara, kuma wajibi ne a cire eriya daga na'ura da zarar hadari ya taso. Haka nan ba a ja waya kusa da layin wutar lantarki, domin an sha rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da dama.

6.0 Yadda Gasar Take

Mafi shahara cikin gasannin ita ce wadda mujallar CQ ta Amurka ta ƙago a 1948. Ana yin ta sau biyu a shekara, ta murya a ƙarshen Oktoba, ta bugun tangaraho a ƙarshen Nuwamba, kowacce awa 48 ba tsayawa, a kan zanguna shida: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. An kasa duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar suna cikin ta 35. Abin da ake musaya gajere ne ƙwarai: lambar kira, da ƙarfin jin murya, da lambar shiyya. Ƙwararre yakan gama da mutum ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Wanda ya sami tasha a wata nahiya yana da maki uku, a wata ƙasa ta nahiyarsa kuma maki ɗaya. A ƙarshe sai a ninka jimlar maki da adadin ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane zango. A ƙaddara mutum ya yi magana da tashoshi 1,000 na wasu nahiyoyi, ya tara ƙasashe 100 da shiyyoyi 30: makinsa 3,000 sau 130, wato 390,000. Daga nan za a gane cewa ƙasar da ba ta da 'yan sha'awa da yawa tana da tsada, domin samun ta sau ɗaya yana ɗaga makin mutum gaba ɗaya. Tasha mai lambar 5N ko 5U, ko da eriyarta waya ce a kan gora, takan tarar da ɗimbin masu kira sun yi mata caa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutumin Kabi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ana ba masunta ƙayyadadden lokaci da ruwa guda, sai gwaninta da sanin ruwa su raba su. Haka kuma katin shaida da 'yan sha'awa suke aika wa juna bayan sun yi magana yana da ɗan'uwa a katunan gaisuwa na shirin Zaɓi Sonka, inda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka ƙulla zumunci ta iska.

7.0 Matsalar Kalmomi

Hausa ta riga ta mallaki wasu kalmomin fannin. Akwai na aro, kamar eriya, batir, lasifika da tangaraho. Akwai kuma na gida da aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar zango da dalma. Amma duk waɗannan na mai saurare ne da mai gyara. Abubuwan da mai aikawa yake buƙata, irin su yawan kaɗawa, da dacewar eriya da na'ura, da wutar da take dawowa baya, ba su da sunayen da aka daidaita. Mai gyara yakan san cewa wani kwandansa ya mutu ta hanyar gwaji da jin ƙara, amma bayanin dalili yana cikin littattafan Ingilishi da bai karanta ba, ɗalibin da ya karanta su kuma sau da yawa bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba.

Akwai wani giɓin a wajen haruffa. Bugun tangaraho na duniya ba shi da alamar ɓ, ɗ, ƙ da 'y, don haka ba zai bambanta "ƙafa" da "kafa" ko "ɓata" da "bata" ba. Wasu harsunan Turai sun ƙara wa nasu haruffan alamomi, kuma babu abin da zai hana masana Hausa yin haka. Ƙa'idar duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo ne kawai, ba ta wajabta Ingilishi ba. Mutum biyu masu lasin suna iya hirarsu da Hausa. Tun 2003 ma aka bar wa kowace ƙasa zaɓin ko za ta ci gaba da jarraba masu neman lasin a kan bugun tangaraho.

8.0 Kammalawa

Yaɗuwar wayar salula da tashoshin FM ya rage masu neman gajeren zango, kuma rediyon zamani ta zama abin da ake yarwa idan ta lalace. Tsofaffin masu gyara suna ƙarewa, iliminsu kuwa ba a rubuce yake ba. Amfanin wannan ilmi ya wuce wasa: lokacin da guguwa ta rusa hanyoyin sadarwa a tsibirin Fotoriko a 2017, 'yan sha'awar rediyo suna cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonnin agaji da batir da waya. Jihar da ta ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji, tana da dalilin kula da irin wannan fasaha.

Aikin da ke gaban masana iri biyu ne. Na farko, a bi masu gyaran rediyo na Jega, Aliero da Maiyama a tattara kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, tun suna raye. Na biyu, malaman harshe su zauna da malaman lantarki, musamman na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, su daidaita sauran kalmomin, su kuma rubuta ɗan littafin koyarwa da Hausa wanda zai kai yaro daga haɗa akwatin saurare har zuwa neman lasin.