Manhajar da ta ƙi buɗewa a Kebbe

Da Python aka rubuta ta, don lissafin buhunan gero da shinkafa a shagon wani ɗan kasuwa. A Tambuwal tana aiki lafiya lau. Da aka kwafe ta a filashi aka kai reshen Kebbe, ana danna ta sai allo ya ƙifta ta rufe, ko uffan.

Kowa ya ɗora wa sabis laifi, abin da aka saba ke nan. Aka kashe intanet a kwamfutar Tambuwal, manhaja ta ci gaba da aikinta. Aka koma zargin tsufan kwamfutar Kebbe, aka duba, Python iri ɗaya ne a duka biyun.

Sai yaron da ya haɗa ta ya kira mai tsaron shagon Kebbe: "Kawu, kar ka danna hotonta. Buɗe baƙin allon nan ka rubuta sunanta, ka karanto mini layin ƙarshe." Kawu ya karanto harafi bayan harafi: ModuleNotFoundError, sai colorlog.

Colorlog kuwa ko buhu ɗaya ba ya ƙirgawa. Aikinsa sanya launi a bayanan da manhaja ke rubutawa kan abin da take yi, kuskure da ja, gargaɗi da rawaya. Yaron bai ma san da zamansa ba. Wani laburaren buga rasit da ya aro ne ke nemansa. Marubucin laburaren ya sa shi cikin kayan ganin dama, don haka pip, mai sauke laburarorin Python, ba ya sauke shi, amma ya kira shi a layin farko kamar farilla. A Tambuwal wata manhaja ce ta shigo da shi tun tuni, ita ta rufa asirin. Filashi bai ɗauko shi ba.

Gyaran layi huɗu ne: a gwada kiran colorlog, in ImportError ya taso a koma ga logging, wanda ke cikin Python tun sigar 2.3 ta shekarar 2003. Shi kuma laburare kamata ya yi ya sa NullHandler, wanda ba ya rubuta komai, ya bar wa mai manhaja zaɓin inda bayanan za su je. Haka SLF4J na Java yake yi tun sigar 1.6: in bai sami mai rubuta bayanai ba, ya yi gargaɗi ya wuce.

Masu rubuta laburare, duk abin da kuka ce na ganin dama ne, ku gwada aikinku a kwamfutar da ba ta da shi kafin ku saki.