Fostar haruffa mai ninki: Abin da ya kamata ɗalibin zane ya sani

A makarantun koyon zanen girafik akwai wani aiki da malamai kan bai wa ɗalibi don su gane ko idonsa ya buɗe. Sai a ce ya tsara fosta wadda babu hoto ko ɗaya a cikinta, haruffa zalla, kuma a ninke za ta isa hannun mai karatu, shi zai warware ta da kansa. Da jin haka ɗalibi kan ce ai wannan ruwa ne, tunda babu abin zanawa. Sai ya zauna gaban kwamfuta sannan yake gane cewa ashe hoto ne ya daɗe yana rufa masa asiri.

Me ya raba ta da fostar bango?

Fostar 'yan siyasa ko ta fim da ake mannawa a bango, kallo ɗaya ake yi mata a wuce. Mai ninki kuwa kaɗan-kaɗan take bayyana, kamar tatsuniya a bakin tsohuwa. Duk buɗewa ɗaya wani sabon abu ne ke fitowa, kuma ninkin ne ke yanke abin da za a fara gani da abin da za a bari sai ƙarshe. Shi ya sa wanda ya iya aikin ba ya taɓa kwamfuta sai ya gama da takarda.

Fara ninke farar takarda

Takardun da muke amfani da su, irin su A4 ta ofis, suna bin wani ma'auni da aka kafa a Jamus a 1922. Babbarsu, A0, faɗin filinta murabba'in mita ɗaya ne. Idan aka raba ta biyu a sami A1, a sake rabawa a sami A2, haka har ƙasa, kuma siffar ba ta canzawa. Wannan ne ya sa suka dace da ninki.

Ɗauki A2, mai milimita 420 a faɗi da 594 a tsawo. Ninke ta sau ɗaya, fuskar fostar tana ciki, ta zama A3. Ka ƙara, ta zama A4. Ka ƙara na uku, ta zama A5, milimita 148 da 210, wadda za ta shiga jakar hannu. Yanzu ɗauki fensir. Rubuta 1 a fuskar da ke kallonka, ka buɗe ka rubuta 2, ka sake buɗewa ka rubuta 3, sannan 4 a babbar fuskar ƙarshe. Shimfiɗa takardar a tebur ka juya bayanta.

Abu biyu za ka gani. Na farko, lambobin ba su fuskanci gefe ɗaya ba, wata a tsaye, wata a kwance, wata ma ƙila kanta a ƙasa. Na biyu, lambobi 1, 2 da 3 duk a bayan takardar suke, 4 ce kaɗai a gaba. Wato bayan fostar, wanda sabon ɗalibi kan bari sai daren miƙa aiki, shi ne ke ɗauke da matakai uku cikin huɗu na karatun. Wannan 'yar takarda mai lambobi ita ce taswirarka. Ajiye ta kusa da kwamfutar har ka gama.

Yadda kalma ke maye gurbin hoto

A 1960 wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, Josef Müller-Brockmann, ya yi fostar wani baje koli kan fina-finai a birnin Zurich. Baƙar shimfiɗa ce da manyan kalmomi biyu na Jamusanci, ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya, kamar yadda hoton fim ke narkewa cikin na bayansa. Har yau ana koyar da ita. Shi ne kuma ya fitar da littafi a 1981 kan raba shafi zuwa gidaje, irin na dara, domin kowane rubutu ya san mazauninsa. A fosta mai ninki an riga an haƙa maka gidajen: layukan ninkin sun raba kowace fuska gida takwas.

A ce karin magana ka zaɓa: komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A fuskar farko sai ka sa “Komai” ita kaɗai. A ta biyu “nisan”, haruffan a wawware, da tazara mai yawa tsakaninsu, har ido ya ji nisan. A ta uku “jifa”, ƙarama, can sama a kusurwa. Da an yi buɗewar ƙarshe sai a tarar da “ƙasa zai faɗo” da manyan haruffa masu kauri, jibge a gindin takardar, samanta fili fetal. Ba ka zana dutse ba, amma mai karatu ya ga faɗuwarsa. Girma, kauri, tazara da farin fili su ne kayan aikinka, kuma salon haruffa ɗaya ko biyu sun wadatar.

Ka kuma tuna nisan ido. Fuskokin farko a hannu ake karanta su, don haka ƙananan bayanai masu girman maki 9 zuwa 11 sun isa. Ta ƙarshe bango za ta hau, daga nesa za a hango ta. Maki 72 inci ɗaya ne kacal, wato santimita biyu da rabi, saboda haka abin da ya cika fuskar kwamfuta yana iya zama ɗan mitsitsi a bango.

Tarkon haruffa masu lanƙwasa

Mai tsara rubutun Hausa yana da wata matsala ta daban. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan babu su, manhajar kan aro harafin daga wani salo, ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. A ƙaramin rubutu ana iya kau da kai, amma harafin da ya kai tafin hannu ba ya ɓuya. Cire lanƙwasar kuma ɓata ma'ana ne: ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani salo, buga waɗannan haruffa manya da ƙanana ka gani. Noto Sans na Google da Charis da Andika na SIL duk suna da su, kuma kyauta ne.

Kafin a kai maɗaba'a

Takardar ofis giram 80 ce a kowane murabba'in mita. Fostar da za a ninke sau uku tana son wadda ta ɗan fi haka, kamar giram 100 zuwa 130. Idan ta kai 170 ko fiye, sai an fara datsa mata layi da inji, in ba haka ba ta tsage a gaɓar ninki. Tawada mai duhu da ta rufe fili ita ce ta fi tona wannan, don farin takardar zai leƙo ta tsagar. Babban harafi yana iya tsallake layin ninki lafiya, amma ƙaramin rubutu a janye shi kamar milimita biyar, musamman inda layuka biyu suka gicciye, don nan ne takarda ke fara hujewa.

Launin da ya kai bakin takarda a bar masa rarar milimita uku, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. A kuma mai da launuka zuwa tsarin CMYK na injin ɗab'i, domin shuɗin da ke walƙiya a fuskar kwamfuta yakan dusashe a takarda. Masu ɗab'i da yawa a Najeriya da CorelDRAW suke aiki, kuma ba lalle suna da salon haruffanka ba. Ka mai da rubutun ya zama zane kafin ka miƙa, ko ka ba su PDF da haruffan a ciki, ka riƙe kwafin da za ka iya gyarawa.

Gwajin ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Buga ƙaramin samfur, ninke shi, ka miƙa wa ƙanwarka ko abokin ɗakinka ba tare da ka ce uffan ba. Zuba wa hannunsa ido. Idan ya juya takardar yana neman ta inda zai fara, ko ya karkata kai don ya karanta, ka ga wurin gyara tun kafin malam ya nuna maka da jan biro.