Ilimin Abinci Mai Zurfi: Mene Ne Amfaninsa Ga Majinyaci?

A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni, likita kan tura mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda wurin masanin abinci. Wasu majinyata kan yi mamaki, su ce ashe har tuwo da miya sai an yi musu digiri? Lallai kuwa, kuma bayan digiri na farko akwai na biyu. Cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2019 da tallafin Bankin Duniya, tana ba da digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki da lafiyar al'umma.

A irin wannan karatu ana koyon duba mutum gaba ɗayansa: abin da yake ci, magungunan da yake sha, barcinsa, aikinsa da ƙarfin aljihunsa. Ana kuma koyon yadda ake bambance abin da bincike ya tabbatar da abin da ji-ta-ji-ta ce kawai.

Misali, binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego, domin kanwa tana sa jiki ya riƙe ruwa kamar yadda gishiri ke yi. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma gishirin da ke cikin dunƙule yana cikin lissafin.

Abincin da ke amfanar wani yana iya cutar da wani. Ayaba da lemo suna da kyau ga mai lafiya, amma mai ciwon ƙoda da ya yi nisa sai an ƙayyade masa su. Mai shan maganin tsinka jini na wafarin kuwa, idan ya ƙara yawan alayyahu ko sauran ganyaye farat ɗaya, ƙarfin maganin na iya raguwa.

A yi hattara da masu tallar garin magani da ƙwayoyin "ƙarin abinci" da sunan ilimin zamani. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da ciwon sukari. Kada ka daina maganin da likita ya rubuta saboda su.

Ranar da za ka ga masanin abinci, ka zo da duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka kuma faɗi gaskiyar abin da ake dafawa a gida. Idan da hali, a zo tare da mai girkin. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.