Gaskiya ko Jita-jita: Harin CSRF da Tokin da ke Tare Shi

Idan ka shiga asusunka na banki ta burauza, bankin kan ba ta kukis, ita kuma takan haɗa shi da buƙatun da ke zuwa bankin. Harin CSRF na cin gajiyar wannan: wani mugun shafi ya sa burauzarka ta aika umarnin tura kuɗi da sunanka. Maganinsa tokin ne, wato lambar sirri da sabar ke sakawa a cikin fom, ta kuma ƙi duk buƙatar da ta zo ba tare da ita ba.

"Sai an sace kalmar sirrina za a cuce ni." Jita-jita. Maharin bai buƙatarta, domin burauzarka ce ke gabatar da kukis ɗinka da kanta.

"Alamar kwaɗo ta HTTPS ta isa." Jita-jita. HTTPS na hana a leƙa saƙo a hanya, amma ba ya tantance wanda ya sa aka aiko shi. A 2008 Bill Zeller da Ed Felten na Jami'ar Princeton sun nuna yadda za a iya kwashe kuɗi daga asusun ING Direct ta wannan hanya, duk da cewa bankin na ɓoye saƙonninsa.

"Amfani da POST maimakon GET ya wadatar." Jita-jita. JavaScript na iya aika ɓoyayyen fom ba tare da ka danna komai ba.

"Tokin na aiki ne saboda baƙon shafi ba ya iya karanta shi." Gaskiya. Burauza na hana wani shafi karanta abin da ke cikin shafin bankinka. Amma idan maharin ya cusa JavaScript a cikin shafin bankin kansa, wato XSS, zai karanta tokin ɗin. Haka tsutsar Samy Kamkar ta yi a MySpace a 2005.

"CSRF ya mutu." Rabin gaskiya. Ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP ta cire shi daga jerinta na manyan haɗurra goma a 2017, kuma tun 2020 Chrome na ɗaukar kukis a matsayin SameSite=Lax idan ba a fayyace ba, wato ba ta haɗa shi da yawancin buƙatun da wani shafi ya jawo. Sai dai Lax na barin kukis ya bi mahaɗin GET da aka danna. Don haka mai gina manhaja kada ya bari GET ya sauya bayanai, kuma kada ya kashe kariyar tokin da Django, Laravel da Rails suka tanada don kawai fom ya ƙi tafiya.