Ganyen Filasko da Masu Sauraron Tsirrai

A Hajara, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyuka uku, ita da Jadid da Gurda, waɗanda suka haɗe suka zama birnin Sabha na ƙasar Fazzan, na taɓa zama a zauren wata dattijuwa mai ba da magani, ranar da wani saurayi mutumin Maraɗi, lebura a wurin gini, ya zo mata da kukan cikinsa ya ɗaure kwana huɗu. Ta kwance bakin wani ƙullin tsumma, ta ɗebo busasshen filasko cikin tafin hannu, ta yi bisimilla, ta sansana, sa'an nan ta yi shiru tana tsince tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, har yaron ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa da aljanin ganyen take shawara. Ashe ta ji shi. Ta ce, "Ɗan nan, ganye ba shi da baki. Idonka da leɓenka nake dubawa. Ruwa nawa kake sha a wurin aikin nan?" Ya ce, "Iya, sai dai shayi."

Abin da ya tuna mini da wannan zama shi ne wata al'ada da ta yaɗu yanzu a Turai da Amurka, inda mutum zai ajiye tsiro a gabansa, ya rufe ido, ya yi ta tunani a kansa, bisa imanin cewa tsiron yana da ruhi wanda zai zama masa majiɓinci, ya kuma bayyana masa ciwon da ke ɓoye a jikinsa. Mu dai ba baƙon abu ba ne gare mu, domin kuwa tun kaka da kakanni akwai bokan da ba ya sassaƙar itace sai ya yi masa sallama, akwai kuma 'yan bori masu jingina kowace tsamiya da kuka ga wani iska. Amma malamanmu sun daɗe da warware wannan mas'ala, inda suka ce tsiro sababi ne kawai, waraka kuwa ta Allah ce, kuma tafakkuri a kan halitta ibada ne matuƙar ya kai mai yinsa ga sanin Mahalicci da sanin ɗabi'ar abin da aka halitta, alhali neman gaibu daga bakin ganye ƙofa ce ta shirka. Ni kuwa a ganina, ko an ajiye zancen aƙida gefe guda, mai rufe ido a gaban tsiro ya yi hasara, don abin da tsiron zai koyar da shi da buɗaɗɗen ido ake ganinsa.

Filasko kansa ya isa hujja. Larabawa suna kiransa sana, kuma ya zo a hadisin Asma'u bint Umais wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi bayaninsa a cikin Zadul Ma'ad. A ƙarshen ƙarni na 18, fatake suna ɗauko shi buhu-buhu daga Azbin da duwatsun Tibesti, su ratsa da shi ta Fazzan zuwa Tarabulus, daga nan jiragen ruwa su ƙetare da shi Turai, ta wannan hanya ɗaya da ke kai fatun Kano da turkuɗinta bakin bahar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, bai ga ƙasƙanci ba ga ya keɓe wa wannan ganye risala guda, kamar yadda ya keɓe wa ciwon basir wata. Kuma shi ne dai wanda, da Bature matafiyi Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824 bayan ya biyo ta Murzuk, ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Malamin da ya san nassi bai ɗauki tambayar gwani a matsayin raunin tawakkali ba.

Yadda ganyen yake aiki kuwa abin mamaki ne ga mai tadabburi. Sinadarin da ke cikinsa yana wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya narke ba, sai ya isa babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune a can, waɗanda ido ba ya gani, suke farfasa shi ya koma wani abu mai zaburar da hanji ya motsa, ya kuma tara ruwa a cikinsa. Wannan doguwar tafiya ita ce dalilin da ya sa ba a ganin aikinsa sai bayan sa'a 6 zuwa 12, ita ce kuma hikimar shansa da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta. To amma wanda ya mayar da shi abin sha kullum, kamar yadda wasu ke yi da sunan wankin ciki ko rage ƙiba, hanjinsa zai sangarce, gishirin fotasiyam na jininsa ya ragu, har abin ya taɓa bugun zuciya; wanda kuma ciwon cikinsa na toshewar hanji ne ko na afendis, filasko ƙara masa azaba zai yi. Babu adadin zaman shiru da zai sanar da mutum wannan, sai jarrabawar da aka tara tsawon zamunna.

Balle kwartowa, wadda ke yaɗo a kwazazzaban Fazzan, 'ya'yanta kamar ƙananan kankana masu ban sha'awa, alhali ɓargon cikinta kan tsinke ciki har da jini. Tubawa suna cin ƙwayarta, amma sai bayan sun sha wahalar wanke ɗacin sarai.

Dattijuwar nan ba ta ba saurayin ko rabin abin da ta ɗebo ba. Ta ce ya jiƙa shi da ɗan shammar don kada ya murɗa masa ciki, ya sha bayan lisha, sau ɗaya tak, ya riƙa tafiya wurin aiki da gorar ruwa da dabino, in kuwa ya ga amai ko cikin ya kumbura, to kada ya dawo wurinta, ya wuce asibiti. Sauran ganyen ta mayar cikin tsumman, ta ƙulle da haƙori.